Wace Hukuma Ce Ke Riƙe da Wane Lissafi?

Assalamu alaikum jama'a. Kusan kullum sai an watso mana saƙo a WhatsApp cewa 'yan Najeriya miliyan kaza ne, ko kashi kaza na matasa na zaman kashe wando. Ka tambayi mai saƙon inda ya samo, sai ka ji shiru. To yau za mu bi ƙofa-ƙofa, mu ga inda gwamnati ke ajiye alƙalumanta.

Mu fara da yawan jama'a. Wannan aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, wato NPC. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai: Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. An shirya wata a 2023, aka ɗage. Saboda haka duk adadin da ka ji yau, komai girman wanda ya faɗe shi, ƙiyasi ne da aka ɗora a kan na 2006. Idan za ka saka shi a rubutunka, ka ce ƙiyasi ne. Hukumar ce kuma ke gudanar da babban binciken lafiyar iyali, inda za ka samu bayanin haihuwa, rigakafi da mace-macen ƙananan yara, jiha-jiha.

Sai babban rumbun, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS. Shafinta shi ne nigerianstat.gov.ng, kuma rahotanninta kyauta ne. A tsakiyar kowane wata take fitar da alƙaluman hauhawar farashi. Tana kuma wallafa farashin kayan abinci da na man fetur, da kuɗin da kowace jiha ta tara a cikin gida, da kason da ta karɓa daga asusun tarayya. Wannan na ƙarshen ya kamata kowane ɗan jiha ya riƙa leƙawa, don shi ne zai ba ka bakin tambayar gwamnanka ina kuɗin suka shiga.

Amma a nan ne ake yawan yin tuntuɓe, don haka ku saurara da kyau. NBS ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A farkon 2023 kuwa, sai ga shi kashi 4.1. Shin mutane ne suka samu aiki haka kwatsam? A'a, mudun awon aka canza. A da, sai ka yi aikin sa'a 20 a mako kafin a lissafa ka cikin masu aiki. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, sa'a ɗaya a cikin kwana bakwai ta isa. Mai turin baro da mai tallan goro duk sun shiga. Jera waɗannan alƙaluma biyu a ce an samu ci gaba yaudara ce. Idan halin da ma'aikata ke ciki kake nema, gangara ƙasa a cikin rahoton, za ka ga sama da kashi 90 na masu aikin suna ɓangaren da ba shi da rajista, babu albashi tsayayye, babu fansho.

Haka aka yi da hauhawar farashi. A Disamban 2024 tana kashi 34.80, a Janairun 2025 ta koma 24.48. Ba farashin buhun masara ne ya faɗi cikin wata ɗaya ba; shekarar da ake auna farashi da ita aka ɗauke daga 2009 zuwa 2024, aka kuma sabunta jerin kayan da ake dubawa. Shi ya sa kafin ka kwafi lamba, ka nemi shafin da ke bayanin yadda aka yi binciken, ka duba wata da shekara.

Canjin naira da dala, kuɗin ruwa da ajiyar ƙasashen waje kuwa, shafin Babban Bankin Najeriya za ka nufa. Bashin da ake bin tarayya da jihohi yana wajen Ofishin Kula da Basussuka, DMO, bayan kowane wata uku. Jihohi irin su Kaduna da Kano suna da nasu hukumomin ƙididdiga.

'Yan uwanmu na Nijar, ƙofarku ita ce hukumar ƙididdiga ta ƙasarku, wato INS, a Yamai. Ƙidayarta ta 2012 ta ba da mutum miliyan 17, kuma rahotannin da Faransanci suke.

Yawancin rahotannin NBS suna zuwa gida biyu: na karantawa, da fayil ɗin Excel. Ka sauke na Excel ɗin, don a nan za ka ga layin jiharka ita kaɗai.