Darasi: Yadda Za Ka Raba Kwanakinka a Nairobi, Kafin Shiga Daji da Bayan Fitowa

Assalamu alaikum. 'Yan uwa na Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, da duk inda kuke kallonmu, barkanmu da warhaka. Darasin yau na masu shirin tashi daga nan Legas ne zuwa Kenya kallon namun daji, musamman dajin Masai Mara. Duk wanda ya shigo ofishina kuɗin tikiti yake tambaya, sai kuɗin masauki a daji. Ba a cika yi mini zancen Nairobi ba, alhali ta nan za ka shiga, ta nan za ka fita, kuma a nan na fi ganin tafiya ta cuɗe wa mutane.

Tsarin da nake ba kowa shi ne: ka kwana a Nairobi kafin ka shiga daji, don hutawa da shiri. Kasuwa da tsaraba kuwa, sai ka fito. Za ku ji dalili.

Amma bari mu fara daga gida. Ƙanena, matso da kyamarar nan. To, kun ga wannan? Katin rigakafin cutar shawara ke nan, mai ruwan ɗorawa. Ga suna a sama, ga lambar fasfo, ga ranar da aka yi allurar, ga hatimi. Sunan da ke nan ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Kada nan ya ce Muhammad can ya ce Mohammed. Allurar ba ta fara aiki a ƙa'ida sai ta kwana 10, saboda haka wanda ya je aka yi masa ana jibi zai tashi, katin nan bai amfane shi ba. Ana yi a ofishin lafiya na filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Zancen izinin shiga, Kenya ta koma tsarin intanet tun farkon 2024, daga baya ta sassauta wa 'yan Afirka, to ka sa wanda ya yanka maka tikiti ya tabbatar maka da ƙa'idar da ke aiki a makon tafiyarka.

Idan ka je wajen 'yan canji, ka ce a ba ka dala sababbi, marasa yagewa, marasa rubutu. Wadda ta tsufa ko ta sha hannu, can za a juya ta a miƙo maka abarka.

Sai leda. Tun 2017 Kenya ta haramta ledar zuba kaya, kuma da gaske suke yi. Mu kuwa takalmi a leda, magani a leda, yaji a leda. Ka zazzage su tun a ɗaki, ka nemi 'yar jakar yadi. A 2020 ma sun ƙara da hana shiga gandun daji da robar ruwa ta sha-ka-yar, don haka ka riƙe gora taka.

Jirgi kai tsaye daga Legas zuwa Nairobi awa 5 ne da ɗoriya, kuma suna gabanmu da awa 2. Yanzu ga inda ake samun matsala. Babban jirgin zai sauke ka a filin Jomo Kenyatta. Ƙananan jiragen da ke kai mutane Mara kuwa daga wani filin daban suke tashi, ana ce masa Wilson. Tsakaninsu ba nisa a taswira, amma titin Mombasa ne a tsakani, kuma mutumin Legas ba sai an yi masa bayanin gosulo ba. An buɗe babban titin sama na biya a 2022, ya rage wahala, amma bai kawar da ita ba. Sai ka ga mutum ya haɗa saukarsa da tashin ƙaramin jirgi a safiya ɗaya, wai don ya tsira da kuɗin otal. Jirgin Legas ya ɗan makara, ko layin shige da fice ya yi tsawo, ko jaka ta ƙi fitowa, shi ke nan. Ƙaramin jirgi ba ya jira, kuma daren farko a daji, wanda ya fi na otal ɗin Nairobi tsada nesa ba kusa ba, ya tafi a banza. Ka kwana. Ko da a mota za ka tafi, ka kwana, don tafiyar awa 5 zuwa 6 ce ta garin Narok, kuma da sassafe ake kama hanya.

Wannan kwana na Nairobi yana da wani amfanin: jiki ya saba da sanyi. Nairobi a kan tudu take, kusan mita 1,800 sama da teku, mu kuma nan a bakin ruwa muke zaune. Lokacin da aka fi zuwa Mara, Yuli zuwa Oktoba, lokacin da garken nyumbu (wata dabbar daji mai kama da ɓauna) da jakunan dawa ke ƙetaro kogi daga Tanzaniya, farkonsa ya faɗo a tsakiyar sanyinsu. Ka ɗauka Jos za ka je da hunturu. Ƙarfe 6 na safe, a buɗaɗɗiyar mota, iska na dukanka, 'yar shara da hula ba za su yi maka komai ba. Rigar sanyi mai kauri, safa, mayafi mai nauyi ga Hajiya. Wanda ya manta, a yinin nan na Nairobi zai saya.

A yinin kuma ka sayi layin waya da fasfonka, a buɗe maka M-Pesa, tsarinsu na biyan kuɗi ta waya. Tun 2007 suke amfani da shi, har mai sayar da ayaba a bakin titi yana karɓa. Uber da Bolt suna aiki. Baƙo ya fi samun kwanciyar hankali da su a kan matatu, bas ɗinsu na haya. Soket irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga. Abu ɗaya da nake roƙonku: su ta hannun hagu suke tuƙi. In za ka tsallaka titi, dama za ka fara dubawa. Ƙafarka ta saba da Oshodi, idonka zai kalli inda mota ba ta fitowa.

In kana da cikakken yini kafin daji, ka je gandun namun daji na Nairobi. An kafa shi a 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117, kuma a gefen gari yake, har kana hango dogayen benaye a bayan raƙumin dawa. Akwai zaki, ɓauna, jimina, da karkanda, wadda a Mara sai mai sa'a yake ganinta. Giwa ce dai babu. Ni dai ra'ayina, kafin Mara ake zuwa wurin nan. Wanda ya riga ya ga Mara ya dawo, zai raina shi, ya ce gidan zu aka kawo shi, kuma bai yi masa adalci ba. A cikinsa ne shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a 1989, wurin yana nan ana tsayawa.

Masu yara, kusa da nan akwai gidan marayun giwaye na Sheldrick, ana buɗe wa baƙi awa ɗaya tak, 11 zuwa 12 na rana, kuma sai ka kama gurbi tun kana Legas. Akwai kuma cibiyar raƙuman dawa a Langata. Za ka hau wani dandamali, a ba ka 'yan dunƙulen abinci a ɓawon kwakwa, raƙumin ya sunkuyo da kai daidai fuskarka, gashin idonsa zara-zara, ya zaro harshe baƙi-baƙi, dogo, mai kaushi da yauƙi, ya naɗe abin daga yatsunka. Yaro zai yi ihu, sannan ya ce a ƙara masa.

To, me ya sa na ce tsaraba sai an fito? Ƙanena, nuna musu jakunkunan nan biyu. Wannan akwati mai taya, mai tauri, ƙaramin jirgi ba ya son sa. Wannan mai laushin ita ake so, kuma kilo 15 ne iyaka, har da ta hannunka. Ka ga in ka fara da kasuwa, a Wilson za a tsayar da kai a kan sikeli. Dabara ita ce ka kama otal ɗaya na zuwa da na dawowa, ka bar musu babban akwatin ajiya, a ba ka 'yar takarda, ka shiga daji da ƙaramar.

Ranar da ka fito, ƙura har cikin kunne, ka yi wanka ka huta, washegari ka shiga gari. In ta kama Juma'a, masallacin Jamia yana titin Banda a tsakiyar birni. Ka je da wuri, yana cika. Daga nan ka wuce Eastleigh, unguwar Somalawa. Nan ne hankalin Bahaushe yake kwanciya: kiran salla ta ko'ina, abinci halal, shinkafa da naman akuya ko na raƙumi, shayi mai kayan ƙamshi, ga shagunan abaya, turare da yadi bene a kan bene. Ka riƙe wayarka da kyau, cunkoso ne, kuma ka fito kafin dare. A wasu unguwannin, in za ka ci gasasshen namansu, nyama choma, da ugali, tuwon masararsu mai tauri, ka tambaya ko halal ne. Musulmi kusan kashi 11 cikin 100 ne a ƙidayar 2019, ba kowace mahauta ce tamu ba. Masaukin daji ma ka sanar da su halal kake ci tun wajen biyan kuɗi.

Kayan hannu, duwatsun wuya, bargon Masai mai ja, sai kasuwar Masai, wadda kowace rana da inda take ci; ka tambayi otal. Ciniki ake yi, farashin farko na Turawa ne, ka taya ba kunya. Ganyen shayi da kofi kuwa a babban kanti sun fi araha da tabbas. Wanda ya ja ka gefe ya nuna maka haure, ko farcen zaki, ko fatar damisa, ko da ya rantse na magani ne, ka wuce. Dokarsu ta 2013 tara ce mai nauyi da ɗauri, kuma akwai karnuka masu shinshina kaya a filin jirgi.

Ranar komawa, ka bar otal da sauran awa 4 jirgi ya tashi, katin shawarar nan kuma ya kasance a aljihu, kada ya shige cikin akwatin da za a auna. Mai tambaya ya turo, mako mai zuwa za mu duba hanyar jirgin ƙasa daga Nairobi zuwa Mombasa, wadda ta ratsa dajin Tsavo. Ƙanena, kashe haka nan, an kira la'asar.