Me ya sa lasifika ba ta gyara zauren da aka gina ba daidai ba?

Jama'a, ku dubi bangon nan da kyau. Rami nan, tudu can, ko'ina a sassaƙe, babu wurin da yake sumul. Cikin zauren kiɗa na Elbphilharmonie ke nan a birnin Hambug na Jamus, wanda aka buɗe a watan Janairun 2017. Duk lokacin da hotonsa ya fito sai ka ji ana cewa ado ne kawai, wasu kuma su ce ai da manyan lasifikoki aka jera da an huta da wannan wahala. To, maganar lasifikar nan ce ta sa muka zauna.

Ofishin masu zanen gini da ya karɓi aikin gidan wasa yana da hidima da yawa, kuna ganinsu nan a kan allo: duba fili, lissafin kuɗi, neman izini, ƙofofin fita idan gobara ta tashi, ɗakunan da 'yan wasa ke shiri, wurin da mota za ta sauke kaya a bayan dandamali. Duk ku bar su su wuce. Tambaya ɗaya ce ke riƙe da sauran: idan aka yi magana ko kiɗa a cikin zauren, daƙiƙa nawa sautin zai yi kafin ya mutu?

Ku saurara. Wannan tafi ne a ɗaki mai labule da kafet. Wannan kuma tafin nan ne dai, a zauren da babu komai sai bango. Kun ji jelar da na biyun ya ja? Ita ake aunawa. Ana ƙirga lokacin da sauti ke ɗauka ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wato ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin miliyan.

Wanda ya fara auna ta wani matashin malamin kimiyya ne a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine. A 1895 aka ba shi wani ɗakin lacca a gidan tarihi na Fogg, inda kalma ɗaya ke yin sama da daƙiƙa 5 tana yawo. Malami na kan jimla ta biyu, ta farko ba ta gama fita daga kunnen ɗalibai ba. Sai ya riƙa zuwa da tsakar dare, lokacin da gari ya yi tsit, shi da mataimakansa su yi ta jidar matasan kujeru daga wani zaure da ke kusa, su shimfiɗa, ya busa bututu, ya duba agogo, a ƙaro wasu, a sake busawa. Kafin gari ya waye an mayar da kayan mutane. Ni labarin nan yana burge ni ƙwarai, domin da kunne da agogo kawai ya fito da ƙa'idar da ake aiki da ita har gobe: yawan iskar da ke cikin zaure yana tsawaita jelar sauti, kayan da ke shanye sauti kuma suna gajarta ta. Da wannan lissafi aka gina zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Yanzu ga inda ake ruɗewa. Babu wani adadi ɗaya da ya dace da kowane zaure. Wasan kwaikwayo magana ce, kowane harafi sai an ji shi, don haka ana son jelar ta tsaya wajen daƙiƙa 1 ko ƙasa. Babbar ƙungiyar makaɗa kuwa tana son kusan daƙiƙa 2, don sautukan su cuɗanya su cika wuri, kamar yadda ake ji a zauren kiɗa na Musikverein da ke birnin Biyana na Ostiriya tun 1870. Daƙiƙa ɗaya tak ce a tsakani, amma ita ke yanke tsayin rufi. Zauren kiɗa yana bukatar kusan mita 10 mai murabba'in kwali, wato tsawo da faɗi da tsayi, na iska ga kowace kujera. Kujeru 2,000 ke nan iska mita 20,000. Ku kalli yadda rufin ke ɗagawa a zanen nan da zarar an canja adadin. Rufi ya ɗaga, nauyin ƙarfe ya ƙaru, tushe ya canja, kuɗi ya canja. Shi ya sa injiniyan sauti yake zaune a teburin tun ranar farko.

To, lasifika fa? Ƙara wa magana ƙarfi take yi, ba ta iya kwashe wadda ta riga ta fita tana karo da bango. Ka ƙara murya, jelar ma ta ƙara murya. Gaskiya ne akwai na'urorin da ke iya ƙara jela a zauren da jelarsa ta yi gajarta da yawa, amma zauren da ya riga ya cika amsa-kuwwa sai an taɓa jikin ginin.

Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan wanda ya bugi bango ya dawo ya yi tafiyar da ta fi ta na farko da kamar mita 17, kunne zai ji shi daban, abu ɗaya sau biyu. Royal Albert Hall na Landan ya sha fama da wannan tun buɗe shi a 1871, saboda ƙubbar rufinsa, sai a 1969 aka rataya wasu manyan faya-faye da ke lilo a sama don su rage amsa-kuwwar.

Mu koma bangon Hambug. Allunan da aka lulluɓe shi da su kusan 10,000 ne, kowanne da sassaƙarsa daban, aikinsu su tarwatsa sauti kada ya dawo a dunƙule. Ofishin Herzog da de Meuron ne ya zana ginin, injiniyan sauti Yasuhisa Toyota na Japan kuma ya gwada zauren a samfurin da aka ƙanƙanta sau 10 kafin a gina na gaske. Zauren ma a kan sifirin yake zaune, don ƙarar jiragen ruwa da ke tashar da ke gefensa kada ta ratso.

Akasin haka ya faru a gidan wasa na Opera House da ke birnin Sidni na Ostareliya. Zanen Jørn Utzon ya ci gasa a 1957 da siffar waje mai ɗaukar ido, wallahi kyakkyawa ce, amma daga baya aka yi ta faman cusa zaurukan a ƙarƙashinta. An buɗe a 1973, makaɗa suka daɗe suna kukan ba sa jin junansu sosai a kan dandamali, har sai da aka yi babban gyaran da aka kammala a 2022.

Na ƙarshe, ku dubi kujerar nan. Jikin mutum da tufafinsa suna shanye sauti, don haka zauren da ya cika da wanda babu kowa ba sa amo iri ɗaya. Sai ake auna kaurin soson kujera da yadinta yadda za ta shanye kusan abin da mutum zai shanye in yana zaune a kai. Ta haka makaɗin da ya yi gwaji da rana a zaure wayam zai ji kusan abin da zai ji da dare idan kujerun sun cika.