Tsutsar masara: tun tana ƙarama ake cin ƙarfinta

Ku dubi ganyen masararku da kyau. Kun ga inda ya yi fari-fari kamar an kankare shi da farce, har haske na ratsawa? Aikin tsutsa ne, kuma yanzu ne ta fi sauƙin kashewa. Yawancinmu ba ma ankara sai ganye ya yi kaca-kaca kamar fara ta bi ta kansa. A lokacin kuwa ta riga ta yi ƙiba, ta shige can tsakiyar masarar inda sabon ganye ke fitowa, ta laɓe.

Baƙuwa ce a wurinmu. Asalinta nahiyar Amurka, a can ake kiranta fall armyworm. A farkon 2016 aka tabbatar da ɓullarta a Afirka, a kudancin Najeriya, masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan na cikin waɗanda suka gano ta. Cikin shekara biyu ta karaɗe kusan duk ƙasashen kudu da Sahara.

Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai launin toka da ke yawo da dare, in iska ta taimake shi yakan ci kilomita 100 kafin wayewar gari. Yana ajiye ƙwai a dunƙule, 100 zuwa 200 a wuri guda, ya lulluɓe su da wani abu kamar auduga. Kwana biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe. A zafi irin namu, wata ɗaya ya isa ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta shiga ƙasa ta rikiɗe ta fito da fukafukai. Shi ya sa wanda ya makara shuka ya fi shan wuya: duk abin da aka haifa a gonakin maƙwabta, gonarsa mai ɗanyen ganye zai nufa.

Ga yadda za ku shaida ta. A goshinta akwai zane kamar harafin Y da aka kifa. Kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe, kusurwa huɗu. A tsakiyar masarar za ku tarar da kashinta kamar dusar katako. In da danshi, tana ciki.

Daga tsirowa, a riƙa shiga gona aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe. Ba tsayawa bakin gona a leƙa ba. A ratsa ta a karkace, a tsaya wuri biyar, kowane wuri a buɗe masara goma. In masara na ƙarama kuma goma cikin hamsin ɗin sun kamu, lokacin ɗaukar mataki ya yi.

A ƙaramar gona, hannu ma magani ne. Ka ga ƙwai, murje su. Wasu manoman kan zuba ɗan toka ko yashi a tsakiyar masarar. Akwai kuma 'ya'yan darbejiya: a daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu a fesa. Amma gaskiya, a kan ƙananan tsutsotsi ya fi aiki.

In feshin kanti za a yi, to nan ne kuɗin mutane ke zubewa a banza. Sai ka ga mutum da tsakar rana yana wanke ganye da magani, ita kuwa tana can ciki ko a jikinta. Da yamma liƙis ko da asuba take fitowa ci, lokacin ake fesawa, a saita bakin famfon cikin tsakiyar kowace masara. Masu sinadarin emamectin benzoate na cikin waɗanda ake amfani da su. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu. Kada a nace wa sinadari ɗaya duk damina, tana sabawa da shi. Malamin gona zai faɗa muku wanda za ku canza da shi.

Tururuwa da zanzaron da kuke gani a gona kuwa, ma'aikatanku ne da ba ku biya, tsutsar suke farauta. Feshin babu gaira babu dalili su yake fara kashewa.

Bayan kwana uku da feshi, ku koma ku buɗe masara hamsin ɗin nan. Busasshen kashi, magani ya ci. Ɗanye, da sauranta.