Lacca: Yadda Ake Gyara Modul Ɗaya Ba Tare da Sauran Sun Watse Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malamai, ɗalibai, da 'yan uwa masu rubuta manhaja da suka taso daga Kawo, Barnawa, Tudun Wada har da Rigasa, sannunku da zuwa. Na baya, in ba ku ji, ku ɗaga hannu a ƙara murya.

Maganarmu ta yau a kan wakilan ƙirƙirarriyar basira ce, wato manhajar da ake ba aiki ta tsara matakansa da kanta, ta kira kayan aiki, ta dawo da sakamako. Gina irin wannan ya yi sauƙi yanzu. Da kayan gina wakilai irin su LangChain, wanda ya fito a 2022, ko LangGraph, ko CrewAI, ko n8n, yaro mai ƙwazo zai haɗa wani abu mai motsi cikin yini guda. Wahalar tana zuwa bayan wata uku, ranar da aka ce a canza abu ɗaya.

Mu ɗauki misali a gida. A ce wani mai shagon atamfa da shadda a Kasuwar Barci yana karɓar oda ta WhatsApp, an gina masa wakili mai modul biyar. Modul shi ne ɓangaren da ke da aiki guda. Na farko yana karɓar saƙo, na biyu yana tantance abin da mai saye ke nufi, na uku yana duba rumbun bayanai ko akwai kayan, na huɗu yana lissafin kuɗi, na biyar yana tura amsa. A LangGraph kowane modul mahaɗa ce, da layukan da ke nuna wa ke bin wa, kuma dukkansu suna karantawa suna rubutawa a jakar bayanai guda da ke yawo tsakaninsu. A n8n akwatuna ne da kake gani a allo ka ja zare tsakaninsu. Siffa ta bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce: kowane modul yana da alkawari da maƙwabtansa, abin da zai karɓa da abin da zai miƙa. Cikin modul naka ne, ka gyara yadda ka ga dama. Alkawarin kuwa ba naka ba ne kai kaɗai.

A nan zan daɗe, don nan ne ake yawan faɗawa rami. A ce modul na huɗu yana fitar da fili, wato gurbin bayani a cikin jakar nan, mai suna farashi, a naira. Sai aka zo haɗa biyan kuɗi ta intanet, kuma da yawa daga cikin hanyoyin biyan nan a kobo suke karɓar adadi. Mai gyara ya ninka lambar sau ɗari, ya bar sunan filin yadda yake. Biyan kuɗi ya yi daidai. Amma modul na biyar, wanda ba wanda ya taɓa, yana nan yana karanta farashi yana manna masa kalmar naira. Hajiya ta tambayi turmin atamfa na naira 12,000, amsa ta zo mata da naira 1,200,000. Ku lura, babu jan rubutun kuskure ko ɗaya a allo, domin lamba ce aka yi alkawari kuma lamba aka miƙa. Kuskuren da ya yi shiru irin wannan ya fi wanda ya tsayar da manhaja cutarwa.

Maganinsa matakai ne. Ka rubuta alkawarin a fili, da kayan tantance siffar bayanai irin su Pydantic in kana rubutu da harshen Python, ko JSON Schema, yadda duk abin da ya saɓa za a ƙi shi tun a bakin ƙofa. Ka sa ma'auni a cikin suna: farashi_kobo, farashi_naira. In za ka sauya fili, kada ka sauya ma'anar tsohon. Ka ƙara sabo a gefensa, ka bi duk modul ɗin da ke karanta tsohon ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, sai ka tabbatar ba mai amfani da shi sannan ka cire. Kuma ka ba modul lambar siga mai gida uku, kamar 1.4.2. Gyaran ƙaramin kuskure yana motsa lambar ƙarshe, ƙarin da bai karya komai ba yana motsa ta tsakiya, sauya alkawari kuwa yana motsa ta farko, ya zama 2.0.0, don abokin aikinka ya san ya kamata ya tsaya ya duba.

Abu na biyu, umarnin da kake rubuta wa injin harshe, wato ƙirƙirarriyar basirar da ke karanta saƙo ta rubuta amsa, da bayanin da ka yi wa kowane kayan aiki, su ma kod ne. Da wannan bayanin injin yake yanke shawarar wane kayan aiki zai kira. Ka canza jimla ɗaya, ya daina duba rumbu ya fara amsawa da ka, ya ce akwai shadda alhali ta ƙare. Don haka umarni ya zauna a fayil nasa, cikin Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, kowane canji da dalilinsa a rubuce. Masu gyara umarni kai tsaye a kan wakilin da ke aiki, a ganina, su daina yau ɗin nan.

To da me za a gane gyara ya yi kyau? Da jerin gwaji. Ka tara saƙonni talatin zuwa hamsin irin waɗanda masu saye ke aikowa da gaske, ka goge sunaye da lambobin waya, ka rubuta wa kowanne abin da ya kamata ya fito. Kada ka zaɓi masu tsabta kaɗai. Mutanenmu suna rubuta "kudi" maimakon "kuɗi", suna gauraya Hausa da Turanci a layi ɗaya, wani ya ce "rabin turmi", wani ya ce "yadi biyar", wani ya ce "irin na jiya". Duk su shiga. Ka tabbatar fayilolinka suna tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su rikiɗe su zama alamar tambaya a hanya. Wajen duba sakamako, kar ka nemi kalma da kalma, domin injin ba ya maimaita magana iri ɗaya kullum, ko da ka sa ma'aunin zafinsa, wato saitin da ke ƙayyade yawan bambancin amsoshinsa, a sifili. Ka duba ko ya kira kayan aikin da ya dace, ko adadi daidai ne, ko sakamakon ya bi alkawari. Kowane saƙo ka gwada shi sau uku. Wanda ya ci biyu ya faɗi ɗaya, akwai gyara a gabansa.

Tsarin gyaran kansa gajere ne. Ka buɗe reshe a Git, wato kwafin aiki na gefe. Ka gudanar da gwaji kafin ka taɓa komai, don ka san inda ka tashi. Ka yi canji guda ɗaya tak. In ka sauya umarni da injin harshe da kod a lokaci guda kuma abu ya lalace, ba za ka san wanne ne mai laifi ba. Ka sake gwaji, wani ya duba maka, sannan ka saki sabuwar sigar ga kaɗan daga cikin saƙonni tukuna, tsohuwar tana ajiye da alamarta don komawa cikin minti biyu.

Akwai kuma canjin da ba kai ka yi ba. Pydantic ya fitar da siga ta 2 a 2023, sunayen wasu ayyuka suka canza. A Nuwamba na wannan shekarar laburaren Python na OpenAI ya kai 1.0, tsohuwar hanyar kira ta daina aiki. Wanda bai ƙulle lambobin siga a fayil ɗinsa ba, yana sake girka manhaja a sabuwar kwamfuta sai ya tarar komai ya tsaya. Ka ƙulle su. Injin harshen ma ka kira shi da cikakken sunansa mai kwanan wata in kamfanin ya bayar, kuma ka riƙa bin sanarwar ranar da za a yi masa ritaya. Makullin sirri kuwa, wato lambar da kamfanin ya ba ka don kiran injinsa, ya zauna a fayil ɗin .env da Git ba ya ɗauka. In ya taɓa shiga tarihin Git, gogewa ba ta wadatar, sai an soke shi an karɓi sabo.

Ga hannu can a baya. Bismillah, ƙanwata.

Tana tambaya: Malam, in intanet ya yanke ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki fa?

Madalla, tambayar 'yar Kaduna ce wannan. Yawancin tsarukan nan suna iya sake gwadawa. In saba, wato kwamfutar da kake tura wa buƙata, ta dawo da lamba 429, wato buƙatu sun yi yawa, ka jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, sai 8, sannan ka haƙura ka miƙa wa mutum. Amma ki lura da haɗarin: modul ya tura wa mai saye takardar biya, intanet ya yanke kafin tabbaci ya dawo, aka sake gwadawa, takarda ta tafi sau biyu. Don haka duk modul ɗin da ke taɓa kuɗi ko tura saƙo, ki ba kowace oda lambar shaida ta kanta, ya duba ko ya riga ya yi aiki da ita kafin ya motsa. Ki kuma sa iyakar zagaye, misali matakai ashirin, kada wakili ya yi ta kewaya tsakanin modul biyu kuɗin kira na zuba har gari ya waye.

Batun wuta kuwa, LangGraph yana iya adana jakar bayanai bayan kowane mataki a rumbun bayanai irin SQLite ko Postgres, in wuta ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai wannan yana komo da mu kan maganar farashi. Odar da ta tsaya jiya an adana ta ne da tsohon fili, yau kuma sabon modul yana neman farashi_kobo, bai samu ba. Kafin ki saki sigar da ta sauya alkawari, ki ƙirga odar da ke rataye. In kaɗan ne, ki bari su ƙare a tsohuwar siga. In suna da yawa, ki rubuta ɗan kod da zai juya tsohuwar jaka zuwa sabuwa, ki gwada shi a kan kwafin rumbun bayanai tukuna, ba a kan na shago ba.