Amsoshin Tambayoyinku: Karetin Duka na Gaske da Fasa Katako a Gaban Jama'a

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. A wannan mako mun ware wasiƙu uku da suka taɓo magana ɗaya, wato wasan kareti, musamman irin wanda ake kai duka na gaske ba tare da sassautawa ba, da kuma irin bajintar da 'yan wasan kan nuna a bainar jama'a.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu wanda ya ce ya kalli gasar kareti iri biyu a talabijin. A ɗaya, in ji shi, ana ɗan taɓa juna ne kawai alƙali ya tsayar da wasa ya ba da maki, a ɗayar kuwa ana jibgar juna da hannu tsirara har sai wani ya durƙusa. Yana so ya san abin da ya kawo wannan bambanci, da kuma wanda a cikinsu zai yi wa mutum rana idan faɗa na gaske ya same shi.

To malam, mun gode da wannan tambaya, kuma amsarta tana buƙatar a ɗan waiwayi tarihi. Kareti ya samo asali ne a tsibirin Okinawa, wanda ya kasance masarauta mai cin gashin kanta da ake kira Ryukyu kafin Japan ta haɗe shi da ƙasarta a 1879. A farkon ƙarni na 20 wani malami mai suna Anko Itosu ya shigar da wasan cikin makarantun tsibirin, kuma tun da yara za a koya wa, sai aka mayar da hankali ga tarbiyya da motsa jiki, aka rage abubuwan da za su iya jawo rauni. Almajirinsa Gichin Funakoshi shi ne ya nuna wasan a birnin Tokyo a 1922, daga nan ya bazu a jami'o'in Japan. Da aka zo shirya gasa, sai yawancin makarantun suka ɗauki ƙa'idar da Japanawa ke kira sundome, wato mutum ya saki naushi ko shuri da cikakken sauri amma ya tsayar da shi dab da jikin abokin karawarsa, bisa hujjar cewa dukan ɗan kareti ya fi ƙarfin a sauke shi a jikin mutum da sunan wasa.

Wannan shi ne irin na farko da ka gani, kuma shi aka yi a gasar Olamfik ta Tokyo da aka gudanar a 2021. A wasan ƙarshe na masu nauyi sama da kilo 75, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki sai ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran wani shuri a sama wanda ya sumar da shi, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Alƙalai suka yanke cewa dukan ya wuce ƙima, suka kori Hamedi, aka ba wanda ya suma lambar zinare. A bisa dokar wasan hukuncin daidai ne, amma ya nuna a fili cewa abin da ake aunawa a wannan gasa shi ne sauri da saiti da iya kame hannu.

Iri na biyu kuwa ana danganta shi ne da Masutatsu Oyama, wanda aka haifa a Koriya a 1923 ya kuma rasu a 1994. Shi bai yarda cewa mutum zai san ƙarfin dukansa ko juriyar jikinsa ba tare da ya yi duka an kuma dake shi ba, don haka ya kafa salon Kyokushin, wanda ya buɗe hedikwatarsa a Tokyo a 1964. Ya shirya gasar Japan ta farko a 1969, sannan gasar duniya ta farko a 1975, wadda ba a raba 'yan wasa bisa nauyi a cikinta. A dokarsu ba a sa safar hannu, ana naushin ƙirji da ciki da haƙarƙari da iyakar ƙarfi, ana shurin cinya, ana sa gwiwa, an kuma yarda a kai shuri har ka. Wanda aka kayar ya kasa tashi cikin daƙiƙa uku an cinye shi. Wani abu daga cikin waɗanda aka haramta, kuma a riƙe shi da kyau domin za mu dawo kansa, shi ne kai naushi ko gwiwar hannu a fuska da wuya.

Game da wanda ya fi amfani, ra'ayinmu shi ne na biyun ya fi kusa da faɗa na gaske, kuma dalilin ba wani sirri ne da ke cikin salon ba. Dalilin shi ne ɗalibin Kyokushin yana gwada abin da ya koya a kan mutumin da ba ya ba shi haɗin kai, wanda ke gocewa, yana ramawa, yana kuma neman ya kayar da shi. A haka ne yake gane tazarar da naushinsa ke isa, ya san yadda numfashi ke ƙarewa bayan minti biyu, ya kuma saba da jin zafi ba tare da hankalinsa ya tashi ba. Mutane da yawa da ba su taɓa shan duka ba sukan daskare a karon farko da aka buge su, komai yawan dabarun da suka haddace, kuma babu yadda za a yi a cire wa mutum wannan firgici ta hanyar bayani.

An ma gwada abin a fili. A 1964 'yan Kyokushin uku sun je filin Lumpinee da ke Bankok suka kara da 'yan damben Tailan a bisa dokar masu gida. Tadashi Nakamura da Akio Fujihira suka yi nasara, Kenji Kurosaki kuwa aka buge shi. Daga baya, bayan Kazuyoshi Ishii ya ƙirƙiro gasar K-1 a 1993, wadda ake sa safar hannu a kuma naushi fuska, 'yan kareti masu irin wannan horo sun yi fice a cikinta, har Semmy Schilt ɗan ƙasar Holan ya lashe kambinta sau huɗu.

Sai dai labarin Andy Hug ɗan Suwizalan ya fi kowanne bayyana inda gizo ke saƙa. Shi ne ya zo na biyu a gasar duniya ta Kyokushin a 1987, kuma ƙwararre ne wajen ɗaga ƙafa sama ya sauke diddige a kan abokin karawa kamar saran gatari. Amma a gasar K-1 ta 1994 wani Ba'amurke mai suna Patrick Smith ya gama da shi da naushi cikin daƙiƙa 19. Mutumin da ya shekara da shekaru yana fafatawa a inda ba a naushin fuska yakan saba da sauke hannuwansa ƙasa don kare haƙarƙari, ya tsaya ƙirji da ƙirji da abokin karawa, haɓarsa a buɗe. Sai da Hug ya koma ya koyi tsaron kai irin na 'yan damben zamani kafin ya lashe gasar a 1996. Jiki yana yin abin da aka saba masa ne, kuma a faɗan titi fuska ce ake fara nema. Haka nan dokar Kyokushin ba ta ba da damar riƙo da kokawa a ƙasa ba, alhali faɗa kan kai ga cakumar juna cikin ɗan lokaci. Wannan giɓi ne ya sa Takashi Azuma, wanda shi ma tsohon zakaran Kyokushin ne, ya ɓalle a 1981 ya kafa Daido Juku, inda ake sa hular kariya mai gilashin roba a fuska, a yi naushin kai, a yi kayarwa. Saboda haka malam, idan kare kai ne burinka, horon duka na gaske tushe ne mai kyau, amma sai ka haɗa da koyon tsare fuska da ɗan abin da ya samu na kokawa, ka kuma sani cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke maganin wuƙa ko taron mutane.

Wasiƙa ta biyu daga wata mai sauraro ce, wadda ta ce ta ga mutum ya fasa jerin bulo da gefen hannu, wani kuma an karya sanda a cikinsa bai ko motsa ba. Tana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa rufa-ido ne, kuma idan gaskiya ne ko hakan na nufin naushi ɗaya zai iya kashe mutum.

Malama, akasarinsa gaskiya ne, amma gaskiya ce da aka shirya mata wuri. Japanawa na kiran wannan fasawa tameshiwari. A 1979 wasu masana kimiyya a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da Michael Feld da Ronald McNair, sun wallafa binciken da suka yi a kai, inda suka auna cewa hannun ƙwararre yana kaiwa gudun mita 10 zuwa 14 a daƙiƙa ɗaya. McNair ɗin nan, wanda shi kansa mai baƙar ɗamara ne, wato alamar ƙwarewa a kareti, shi ne ɗan sama-jannatin da ya rasu a hatsarin kumbon Challenger a 1986. Abin da ke faruwa shi ne, ana ɗora katakon ko bulon a kan matokarai biyu a gefe da gefe, tsakiyarsa babu komai a ƙasa. Idan duka ya sauka a tsakiya sai ya lanƙwashe, gefen ƙasa ya miƙe, tsagewar kuma ta faro daga can. Siminti yana da juriyar danni ƙwarai amma ba ya jure ja, shi ya sa yake karyewa da ɗan lanƙwasa kaɗan. Katakon kuma galibi na itace mai laushi ne da aka busar, ana kuma ajiye shi yadda zai tsage ta inda zaren itacen ya kwanta. Idan kin lura da kyau, za ki ga sau da yawa akan sa ƙananan tsinke ko fensir a tsakanin bulo da bulo, domin kowanne ya karye shi kaɗai bi da bi, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a haɗe su wuri ɗaya.

Wannan bai mayar da abin wasan yara ba. Yana buƙatar saiti, da sauri, da sa nauyin jiki gaba ɗaya, da kuma zuciyar da ba za ta ja da baya ba, domin wanda ya yi shakka ya rage gudu dab da katakon, katakon ba zai karye ba, ƙarfin dukan kuma a hannunsa zai ƙare. A gasar Kyokushin ma akan duba yawan katakon da kowa ya fasa don raba gardama idan aka tashi kunnen doki. Amma katako a tsaye yake cak yana jira, mai fasawa ya auna sau biyu ko uku, ya ja numfashi, ya zaɓi lokacinsa. Mutum kuwa yana motsi, jikinsa yana bin duka ya rage masa ƙarfi, yana kuma kawo nasa. Haka shi ma wanda ake karya wa sanda a ciki ya san inda za ta sauka da lokacin da za ta sauka, ya ɗaure tsokarsa ya fitar da numfashi, kuma a inda nama yake da kauri ake bugawa. Dukan da ya zo ba zato a haɓa ko a gefen kai, babu horon da ke hana shi girgiza ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma nunin da malami ke yi da almajirinsa, inda almajirin zai kawo naushi ɗaya ya tsaya da hannu a miƙe, malamin ya yi masa dabara biyar a jere. A matsayin hanyar koyarwa ba laifi, amma bai zama hujjar cewa dabarar za ta yi aiki a kan wanda bai yarda ba. Masu cewa suna kayar da mutum ba tare da sun taɓa shi ba kuwa, a kan almajiransu kaɗai abin ke ci. Ko labaran da ake bayarwa na Oyama yana karawa da bijimai yana karya musu ƙaho, masu bincike da dama suna ganin an yi musu ƙarin gishiri. Gwajin da ya fi gamsar da mu shi ne wanda 'yan Kyokushin suke kira karawa da mutum ɗari, inda mutum ɗaya zai fafata da 'yan wasa 100 ɗaya bayan ɗaya a yini guda, kamar yadda Steve Arneil ya yi a 1965, domin a nan kowane ɗayansu da niyyar duka yake shigowa.

Wasiƙa ta uku gajeriya ce. Wata uwa ce ta ce ɗanta mai shekara 12 ya fara naushin bango da sunan taurara hannu, tana tambaya ko ta bar shi.

Hajiya, a hana shi. Abin da 'yan Okinawa ke amfani da shi, wanda suke kira makiwara, katako ne da aka kafa a ƙasa aka naɗe kansa da igiya, kuma yana lanƙwasawa idan an buge shi, saɓanin bango wanda ke mayar wa hannu da dukan gaba ɗaya. Gaskiya ne ƙashi yana ƙara ƙarfi idan ana ɗora masa nauyi a hankali, kamar yadda likitan nan na Jamus Julius Wolff ya bayyana tun ƙarni na 19, amma gaɓoɓi da guringuntsi ba su da wannan hali, kuma ƙasusuwan yaro mai wannan shekaru ba su gama girma ba, rauni a bakin gaɓa na iya shafar yadda yatsun za su fito. Idan yana son wasan, a kai shi wurin malamin da ke sa wa yara kayan kariya a kai da ƙwauri da haƙora, yake haɗa su da sa'o'insu a nauyi, kuma ba ya barin a kai musu duka mai ƙarfi a ka. Ki je da kanki ki zauna ki kalli darasi ɗaya kafin ki amince. Idan kuma wata rana ya dawo yana kukan ciwon kai ko jiri ko amai bayan an buge shi, a kai shi asibiti a ranar, kada kuma ya koma fagen horo sai likita ya ba da izini.