Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Buɗe Insha'i?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙon farko yau na wani ɗalibi ne, ya ce shi farawa ce matsalarsa, sai ya yi minti 10 yana juya biro bai rubuta komai ba, in ya samu ya fara kuma malam ya sa jan biro a gefe ya rubuta masa "ina ka dosa?"

To ɗan'uwa ai malamin ya riga ya ba ka amsa. Aikin gabatarwa kenan, ta faɗa wa mai karatu inda ka dosa. A ce an ba ka ka rubuta kan ko ya dace ɗalibai su shiga aji da waya. Da yawa sai su fara da "tun da aka halicci duniya ɗan Adam ke neman hanyar sadarwa", ko su kwaso ma'anar waya daga ƙamus, wai na'ura ce da ake kira da ita. Haba! Mai duba takardar nan ya san waya, tana ma aljihunsa, kuma irin wannan jimlar ya karanta ta har ta gundure shi.

Gwada haka: "Malami na tsakiyar bayani sai waya ta yi ƙara a layin baya, ɗalibai duk suka waiga, darasi ya tsaya." Ka ga ka jawo shi cikin ajin. Sai jimla ɗaya da za ta nuna wasu na ganin waya na taimakawa wajen bincike, sannan ka fito fili da matsayinka: "Duk da haka bai kamata a shiga aji da waya ba, domin tana raba hankali, tana kuma sauƙaƙa satar amsa." Wannan jimlar ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, dalilai biyun nan kowanne zai zama sakin layi a gaba, kuma ka gwada ta, in ba wanda zai iya yi maka musu a kanta to ba matsayi ka ɗauka ba tukuna.

Wata 'yar'uwa kuma ta tambayi tsawon gabatarwa, da ko dole ne ita za a fara rubutawa. Jimla 3 zuwa 5 sun isa a gajeren insha'i. Kuma ba dole ba ne, ni kaina sai na gama jikin rubutun nake dawowa kanta, don lokacin na san abin da na faɗa. A jarrabawa dai rubuta matsayinki a takardar gwaji tukuna.

Ta ƙara da cewa ko za a iya buɗewa da karin magana? Ana iya, amma in kin cire shi kika ga ba abin da ya ragu, bar shi a cire. Bari mu ɗan je hutu, akwai sauran saƙonni.