Fodkas: "Mai hoto, ɗan haska ni mana"

Nafisa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni ce da Yaya Kabiru da Sadiq, kuma maganar hoton fuska za mu yi, irin wanda mu 'yan koyo muke ɗauka da waya ko ƙaramar kyamara. Hotunan Sallah ne suka jawo zancen, ka ga mutum wankan tarwaɗa amma a hoto ya koma baƙi ƙirin, wani kuma ya yi fari fat har hancinsa ya ɓace. Yaya Kabiru, wai laifin waye?

Kabiru: To Nafisa, ai kyamara ba ta san mutum ba, haske kawai take aunawa. Ma'aunin da ke cikinta an gina shi ne a kan cewa duk abin da ta gani idan aka cakuɗa shi zai ba da ruwan toka na tsaka-tsaki, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. To ɗauki magidanci ranar Idi ya sha farar shadda, babbar riga ta cika hoton, ga rana tsaka, sai kyamara ta ce kai hasken nan ya yi yawa ta rage, shaddar ta fito tas har aikin wuyan kana gani, amma fuskar ta nutse, ido da haƙori kaɗai suka rage.

Sadiq: Wallahi hoton Baba kenan duk shekara, har ya ce wayata ce ba ta da kyau.

Kabiru: Wayarka lafiyarta lau. Ka taɓa fuskarsa a kan gilashin wayar, wata 'yar alamar rana za ta fito, ka ja ta sama kaɗan har ka ga kumatu da goshi sun fito yadda idonka ke ganinsu, in ka danna ka riƙe ma sai ta kulle a haka. Shaddar za ta ɗan ƙone, wato ta yi fari fat a hoton, a barta ta ƙone, ai ba telan ne ya ce ka ɗauka ba.

Nafisa: Amma Yaya na ji ana cewa tun asali ma ba don irin fatarmu aka ƙera abin ba.

Kabiru: Akwai ƙamshin gaskiya. Zamanin fim, tun shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka yana aika wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da sunan Shirley Page da ta fara fitowa a kai, da shi ake saita injin wanki. In fatarta ta fito daidai shi kenan an gama, sauran mutane kuwa ko oho. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa cikin waɗanda suka matsa wa Kodak lamba har ya gyara akwai kamfanonin cakuleti da masu kayan katako, wai ba a bambance kalolin kayansu a talla.

Sadiq: Kai! Wato sai da cakuleti ya yi ƙorafi?

Kabiru: Ka ji dai. Katin da ke da mata masu kala daban-daban kuwa sai a shekarun 1990 ya fito.

Sadiq: To amma yanzu ai an wuce nan, Google ya fito da Real Tone, fasahar fito da kalar fata daidai a hoto, a wayarsa Pixel 6 a 2021, a 2022 kuma suka ɗauki ma'aunin launin fata mai mataki 10 na Farfesa Ellis Monk na Harvard. Su Tecno kuwa ai da wannan ma suka ci kasuwar Afirka, kyamarar da ke ganin baƙar fuska.

Nafisa: Tana gani kam Sadiq, amma wayoyi da yawa ganin nasu har ya wuce gona da iri, ka buɗe kyamarar gaba ka tarar biyuti a kunne tun daga kamfani, ta goge maka fata sumul ta ƙara fari, tabon da ka taso da shi ma babu, ƙawata ta turo min hoto sai da na tambaye ta ko bilicin ta fara.

Kabiru: Abu na farko kenan, a kashe biyuti a kashe filta. Na biyu kuma wanda ya fi komai, wuri. Mutanenmu sun ɗauka rana mai ƙarfi ita ce haske mai kyau, alhali rana tsaka daga sama take dukan mutum, goshi da karan hanci su yi ƙyalli, ramin ido ya yi duhu, ga shi yana ta yamutsa fuska. Ka kai shi bakin zaure, ya tsaya daga ciki taku ɗaya yana fuskantar waje, kai kana waje, za ka ga hasken ya kwanta masa a fuska a hankali har wani ɗan ɗigon haske ya fito a ƙwayar ido, baƙar fata a irin wannan hasken sheƙi take yi mai kyau wallahi. Ko ka bari sai hantsi bai ɗaga ba, ko la'asar sakaliya. Seydou Keïta na Bamako da ya buɗe wurinsa a 1948, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ya rataya zani a baya, kuma har yau ana kallonsu a manyan gidajen nune-nune na duniya.

Sadiq: Ni ƙarƙashin darbejiya nake kai mutane, ba inuwa ba ce?

Kabiru: Inuwa ce mai huji, rana na ratsowa ta ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma koren ganyen yana zuba a fata. Haka kanofin biki, in ja ne kowa ya yi ja, in shuɗi ne kowa ya yi kamar mai jinya. Fata tana ɗaukar kalar abin da ke kusa da ita, bango ne ko mayafi. In gefe ɗaya ya yi duhu, ba wani yaro farin kwali ya riƙe daga ƙasa wajen ƙirji, ya isa.

Nafisa: Cikin ɗaki fa? Don mu mata yawanci a ɗaki ake mana, bayan an gama kwalliya.

Kabiru: Nan ne ake kwaɓa ta. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelbin da ake auna kalar haske da shi, kwan fitila mai ja-ja kuma wajen 3000, in kika haɗa taga da kwan a hoto ɗaya rabin fuska ruwan goro rabi shuɗi, babu setin da zai gyara duka biyun. A kashe fitila a matsa kusa da taga. Filashar waya kuwa a manta da ita, hodar fuska take haskawa ta bar wuya da hannu, sai ki ga amarya kala biyu.

Nafisa: Wannan kam har da laifin masu kwalliya, a shafa wa yarinya abin da ya fi fatarta haske, a yi mata lalle a hannu baƙi mai kyau, ta ɗora hannun a kumatu don hoto, asiri ya tonu.

Sadiq: Hahaha Anti Nafisa za a kai ƙararki. Ni tambayata kan gyara ce, a manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom, me zan taɓa?

Kabiru: Kaɗan. Fatar kowa, baƙi ko fari, a layin ruwan goro take zaune a Lightroom, in ka ja haskensa sama sosai bilicin ka yi wa mutum, in ka cika kaurin kalar ya koma jan ƙasa. Ɗaga inuwa kaɗan, duba farin ido ko farar hula ka ga fari ne da gaske, ka tsaya. Lokacin hunturu kuma kafin a zo ga gyara ma, ka ce ya shafa basilin ko man kaɗanya sama-sama, kaushi da furu-furun ƙura ba a goge su da waya.

Nafisa: To ga inda gizo ke saƙa Yaya, ka gama wahala ka nuna mata ta ce haba mai hoto ɗan haska ni mana.

Kabiru: Ni kam sai in tambaya, fuskar ce ba ta fito ba ko kalar ce ba ki so? Yawanci na farkon ne, an saba ba su hoto mai duhu sai suke zaton fari ne maganin. In na ɗauke ta a bakin zaure na nuna, goma da wuya biyu su sake cewa a haska. Wadda ta nace kuwa ina ba ta na asalin, filta ai tana da ita a wayarta.

Sadiq: Kuma a tura ta dokumen a WhatsApp, in ba haka ba ya matse hoton.

Nafisa: Sadiq kai da Baba sai babbar Sallah kenan, ka kawo mana mu gani. Jama'a sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.